Gayaunar Ɗan Fari

"Sajo ne! Wallahi tallahi Sajo ne!"

Matar ƙanensa Dalhatu ce ta fara hango shi, ta yi watsi da gyaɗar da take ɓarewa ta rangaɗa guɗa. Kafin Sajo ya sauke akwatinsa na ƙarfe tsakar gidan ta cika. Ƙanensa Dalhatu ya taho da gudu daga bayan rumbu ya rungume shi, maƙwabta suka yi ta tuttuɗowa, wannan ya shafa kwat ɗin da ke jikinsa, wancan ya kama hannunsa ya kara agogon a kunne don ya ji ko da gaske motsi yake. Shekara biyar rabon Dugabau da shi. Ya bar garin yana ɗan shekara goma sha tara, ya yi dakon buhu a dalar gyaɗa ta Kano, daga nan jirgin ƙasa ya kwashe shi sai Ikko, inda ya yi lebura a bakin teku har ya zama heluma, shugaban leburori.

Shi kuwa duk hayaniyar nan ba ta gabansa. Idonsa na can gindin murhu, inda mahaifiyarsa Inna Altine take zaune tana suyar gyaɗa a kasko. Ta ɗago sau ɗaya. Ba fuskarsa ta kalla ba, ƙafafunsa ta kalla, ta mai da kai ta ci gaba da juya gyaɗarta.

Ya ratsa mutane ya je ya durƙusa a gabanta. Tun tasowarsa "Adda" yake ce mata, kamar wata yayarsa, yadda aka koya masa. Amma kwana biyun da ya yi a jirgi bitar magana ɗaya yake, ya ƙudura yau zai kira ta da sunan da kowane ɗa yake kiran uwarsa.

"Inna," ya ce. "Inna, na dawo. Na same ku lafiya?"

Tsakar gida ta yi tsit. Wata tsohuwa ta kama baki.

Inna Altine ta tura itace cikin wuta, ta dubi matar Dalhatu. "Ke, ba kya ganin an yi baƙo? A kawo ruwa mana."

Sajo ya buɗe akwati da sauri ya zaro turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda sai da ya zagaye kanti uku kafin ya zaɓe ta, ya ajiye a bakin tabarmarta. Ita kuwa ta sauke kasko, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki asabari. Atamfar na nan inda ya ajiye ta.

Mata suka fashe da dariya.

"Kai, Altine akwai fulako, kunyar Fulani! Ɗan fari ne fa — ka zaci rawa za ta taka maka?"

"Ikko ta ɓata yaron nan. Wai Inna!"

Sajo ya taya su dariya. Amma furar da aka dama masa, kurɓa biyu ya yi ya ture ƙwaryar.

Ba wai bai san al'ada ba ne. Kakanninsu makiyaya ne, sun zauna sun kama noma, amma ba su ajiye alkunya ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban jama'a. Shi ma ana yaye shi aka miƙa shi ƙauyen Durun wajen ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Marka, bai dawo gida ba sai da ya shekara goma, ba a daɗe sosai ba kuma mahaifin ya rasu. Tunda yake bai taɓa jin "Sajo" a bakin Inna Altine ba, sai dai "wancan" ko "yaron Marka". Duk wannan ya sani. Amma a Ikko ya ga wata mai sayar da abinci wadda ɗanta ya yi tafiyar mako ɗaya tak, ranar da ya dawo ta bar tukunya a kan wuta ta fito titi tana rawa tana yi masa kirari. Ranar Sajo kasa haɗiye loma ya yi. To shi da ya yi shekara biyar fa? Ko "sannu da hanya" ba zai samu ba?

Kwana uku ya yi a gida ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna a zaure, ya tashi. Ya je bakin rijiya, ya dawo. Ya duba agogo ya ga ko azahar ba ta yi ba. Garin duk ya matse shi kamar rigar yarinta. Rana ta huɗu ya ce Dalhatu ya raka shi ya ga gayaunarsa, 'yar gonar da mahaifinsu ya yanka masa a gefen gandu ta zama tasa ta kansa. Shekarar da zai tafi ya shuka mata wata jar gyaɗa mai ƙananan 'ya'ya, wadda ya samo tafi guda a kasuwar Gwarzo, ya tafi ya bar ta tana fure.

Ya zaci zai tarar sabara ta cinye wurin. Sai ya ga gona tas, an cire gyaɗa, an ɗaure harawa an ɗora a kan bishiyar marke.

"Wa ya noma nan?"

Dalhatu ya sosa ƙeya. "Inna ce."

"Da hannunta?"

"Da hannunta, kowace shekara. Ni sau uku ina roƙonta ta bar mini, ga gyaɗa na daraja, ga iyali, ta ce a'a. Wai da ita take sana'arta ta ƙuli-ƙuli."

Sajo ya yi wata dariya marar daɗi. "To madalla! Ashe tun ban mutu ba an raba gadona. Ba a san sunana ba, amma an san hanyar gonata."

"Haba Yaya, ai ba haka—"

"Oke, ya isa. Na gane."

Bai koma gida ba, ya miƙe hanyar Durun yana tafe yana magana shi kaɗai.

Furera 'yar Gwaggo Marka ce, taubashiyarsa, tare suka tashi, kuma tun kafin ya tafi manya suka tsayar da maganar aurensu. Sa'o'inta duk suna ɗakin miji, wasu har da goyo na biyu. Manema sun zo daga Kabo, har wani mai sikelin gyaɗa ya turo daga Gwarzo, ta ce ita tana da miji, yana hanya. Waƙar habaici kuwa ta sha ta a dandali. Sajo ya zo gaisuwa washegarin isowarsa, amma gidan cike yake da mutane, ba su samu sun yi magana ba.

Yau ya same ta ita kaɗai a tsakar gida tana sheƙar gero.

"A'a! Baturen Dugabau! Yau ina kwat ɗin, ko mai ita ya karɓe abarsa?"

"Furera, ba wasa ya kawo ni ba."

"Da ma yaushe ka iya wasa? Ga tabarma. Ka ce tankiyu mana, irin ta rannan."

Bai zauna ba. Ya je bakin rumbu ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Ina so a ɗaura mana aure ranar Talata, ba kiɗa ba biki. Laraba motar Maikuɗi direba za ta ɗauki lodin gyaɗa daga Kabo zuwa Kano. Mu bi ta, mu yanki tikiti, sai Ikko. Ina da ɗaki a can, ga famfo a tsakar gida, ba ke ba jan guga."

Ta ajiye faifan a hankali. "Kwana huɗu da dawowarka?"

"Huɗun ma sun yi yawa! Me zan zauna in yi a gidan da ake ce mini baƙo? Na durƙusa a gabanta, ta ce a ba ni ruwa kamar wani fatake. Na kawo mata atamfa, ta tsallake ta. Yanzu kuma na tarar gonata ce ta zama jarinta. Wannan ba alkunya ba ce, Furera, an fake da alkunya ne kawai. Matar nan ba ta ƙaunata."

"Matar nan? Uwar taka ce matar nan?"

"To ta taɓa cewa ita uwata ce?"

Furera ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa. "Akwai abin da na sani, amma an sa ni na rantse. Ka yi haƙuri ka zauna ko damina ɗaya, za ka gani da idonka."

"Kullum haka! Kowa a ƙasar nan bakinsa a ɗaure yake. Ai abin da ya kore ni ke nan tun farko."

Daga cikin ɗaki Gwaggo Marka ta ɗaga murya. "Kai ɗan nan, ina jin ka fa! Tun kana ƙarami haka kake, ba ka jiran tuwo ya huce, ka ƙona baki ka zo kana yi mini kuka. Zauna ka ci abinci."

"Gwaggo, na ƙoshi."

Furera ta share ido da bakin zane, ta miƙe ta tsaya a gabansa. "Ka ji ni da kyau, Sajo. Shekara biyar na jira ka. An yi mini waƙa, an ce na tsofe a gida, ban kula ba. In ka ce in ƙara biyar zan ƙara. Amma ba zan hau motar nan ba. Mutumin da zai bar uwarsa don ba ta yi masa magana ba, ran da ni ma na yi shiru mota zai nema."

Maganar ta soke shi, amma taurin kai ya hana shi nunawa.

"Laraba da hantsi," ya ce. "In kin zo, kin zo. In ba ki zo ba, na san matsayina a wurinki ke ma."

Ya fita. Yana jin sheshsheƙarta har zaure, bai waiwaya ba.

Sauran kwanakin ya yi su kamar marar lafiya. Ranar Laraba da sassafe ya ɗaure akwati, ya tsaya a bakin asabarin mahaifiyarsa.

"Adda, zan koma."

Shiru. Sai wani ɗan tari da ya ji daga ciki. Ya jira, ya ƙara jira, sannan ya saɓa akwatinsa ya kama hanyar Kabo.

A Kabo an gama lodi, buhunan gyaɗa sun yi tsiri a bayan mota, fasinjoji sun hau kai sun zazzauna. Sajo ya samu wuri a can ƙarshe, inda zai iya hango hanyar Durun. Duk macen da ta ɓullo sai gabansa ya faɗi. Mai tallan nono ce. Mai itace ce. Maikuɗi direba ya zagaya ya bubbuga tayoyi, ya tofar da goro, ya shiga ya danna hon.

"Kano! Wanda bai hau ba ya kwana!"

Sajo ya cije leɓe. Shi ke nan, ba ta zo ba.

Sai wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Direba, dakata, ga wasu can suna ɗaga hannu."

Ba ta hanyar Durun suka ɓullo ba, ta hanyar Dugabau ce. Mata biyu. Ta gaba tsohuwa ce, tana ɗingishi tana sauri. Ta baya Furera ce, ɗauke da tulu wanda aka liƙe bakinsa da laka. Sajo ya ƙura wa tsohuwar ido. Inna Altine, wadda rabonta da taka Kabo tun mijinta na da rai!

Ba ta ɗaga kai ta dubi saman mota ba. Ta wuce kai tsaye wajen ƙofar direba, tana haki.

"Sannu da aiki, direba."

"Yauwa Inna, sannu. Kano za ki?"

"A'a, saƙo ne. Akwai wani fasinjanka da ya manta kayansa."

Furera ta sauke tulun. Inna Altine ta ɗauki dutse ta fasa lakar, ta zura hannu ta ɗebo, ta murza ɓawon a tafinta. Jar gyaɗa ce, mai ƙananan 'ya'ya.

"Ka ce masa irinsa ne, wanda ya bari a gona yana fure. Ka ce masa gyaɗa ba gero ba ce, in ta tsallake damina a cikin tulu ta mutu, dole sai an mai da ita ƙasa kowace shekara. To an mai da ita, ba a tsallake ko ɗaya ba." Ta yi gyaran murya. "Yanzu gwiwa ta ƙi. In can inda za shi akwai ƙasa, ya shuka abinsa. Kada ya bari ya mutu."

Maikuɗi ya leƙo ta taga ya dubi sama. "To jama'a, kun ji. Wa ke da tulu?"

 Furera ce ta kasa daurewa, ta ɗaga kai ta dubi Sajo, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini, tunda kin faɗa da bakinki rantsuwata ta warware. Kai kuma ka ji! Ko ƙwaya ɗaya ta gonarka ba ta taɓa shiga ƙuli-ƙulinta ba. Duk damina ni nake zuwa daga Durun, tana sara ina bin ta da iri. Abin da ya ragu bayan an ware iri karsana ta saya maka da shi, tana can ruga, har ta haihu. Ta ce wa mutane sana'a take yi, don kada a ce Altine ta zubar da kunya tana yi wa ɗan fari wahala. Ko Dalhatu bai sani ba! Duk wanda ya dawo daga Kano sai ta je yi masa barka da zuwa, wai tana tambayar tsadar gishiri, alhali jira take ko zai ambace ka—"

"Ke, rufa mana baki haka nan!" in ji Inna Altine, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Garin jan mayafin ne tsohon zanenta ya ɗan zame. A ƙarƙashinsa, inda ba mai gani, ga shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, sabuwa fil, ta ɗaura ta daga ciki.

Sajo bai san lokacin da ya diro daga kan buhunan ba. Ya zube a gabanta cikin ƙasa, farin wandonsa da komai, ya fashe da kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana Durun.

"Adda, ki yafe mini. Na zalunce ki a zuciyata. Wallahi ban sani ba!"

Ita kuwa ta juya fuskarta wajen tayar mota, kamar akwai abin kallo a jikinta. Can sai ta miƙa hannu ta dafa kansa, yadda mai ciwon gwiwa yake dafa abin da ya samu kusa.  Ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta juyo ba:

"An sha hanya. Sannu."

Fasinjoji suka yi ta salati, dattijon nan yana share ido da hannun riga. Maikuɗi ya yi tari.

"Malam, tafiya ko zama? Taim na ƙurewa, gyaɗar mutane na jira."

Sajo ya ɗago da jajayen idanu. "A jefo mini akwatina."

"Ke Furera," in ji Inna Altine, ta riga ta juya ta kama hanya, "ki ce masa ya ɗauko tulun. Ya bar mace da kaya tun daga Dugabau."

Furera ta dube shi tana dariya cikin hawaye. "Ka ji, Bature. Tulu a ka, akwati a hannu. Ka ce tankiyu."

A hanya ne ta gaya masa yadda aka yi. Da gari ya waye ta taho Dugabau ta tarar ya riga ya fita, ta shiga ɗakin Inna Altine ta durƙusa ta ce, "Inna, alkunyar nan za ta raba ki da ɗa, ni ta raba ni da miji. Ba na ce ki kira sunansa ba, amma ki bari ya ga wani abu." Sai tsohuwar ta ce, "Jawo tulun can na bayan gado."

Bayan an gama kaka aka yi bikinsu, da kiɗa da komai, uwar ango kuwa ta ɓuya a gidan maƙwabta kamar yadda aka saba. Da ruwa ya sauka Sajo ya saɓa sungumi ya nufi gayaunarsa, yana sara amaryarsa na bin sa da jar gyaɗa. Ba a ce ƙafarsa ta daina ƙaiƙayi ba. In ya ji hon daga nesa yakan tsaya ya saurara, sai Furera ta ce, "Maikuɗi ne, in kira maka shi?" ya yi dariya ya ci gaba da sara.

Da Allah ya ba su 'yar fari, Furera ta riƙe alkunya a gaban mutane yadda ta gada. Amma sun yi wa juna alkawari, in an shiga ɗaki an saki asabari sai ta ɗora yarinyar a cinya ta kira sunanta har ta gaji, don kada ita ma ta girma tana tambayar kanta abin da ubanta ya yi shekaru yana tambaya.

Abin lura a nan, 'yan'uwa matasa, ba kowace ƙauna ce take fitowa ta baki ba. Kafin ka yanke wa iyayenka hukunci a kan abin da ba su faɗa ba, dubi abin da hannunsu ya yi maka. Iyaye kuma su sani, ɗa ba ya ganin cikin zuciya, kalma ɗaya a kan lokaci tana iya hana shi shiga duniya. Ita kuwa Furera, haƙurinta da tsayuwarta a kan gaskiya su suka riƙe mata miji, suka mai da wa uwa ɗanta.

Inna Altine har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan Sajo ba. Shi ma tun daga ranar nan ta Kabo bai sake jiran ta faɗa ba.